Ƙwan da Baban Dupe Bai Juya Ba

Shekara talatin da huɗu Akinwumi Oyelakin, wanda kowa ke kira Baban Dupe, ya yi yana huda ƙwai a ɗakin bincike na wata jami'a a Badun. Aikinsa ke nan: ya yanke 'yar taga a ɓawon ƙwan kaza, ya rufe da salatef, ya kwantar da shi a injin ƙyanƙyasa tagar na kallon sama, don ɗalibai su leƙa ciki. Ba a juya ƙwai mai taga, kada abin da ke ciki ya taɓa salatef. Wannan ya zame masa jiki.

Bai yi digiri ba, amma idonsa ya ga abin da malaman ma sai a littafi. Ta madubin da ke ƙara girman abu yakan ga ƙwayoyin halitta suna rarrafe a kan gwaiduwa, ɗaya a gaba tana laluben hanya, saura na bin ta, har su haɗu da wasu su zama jijiya. Sai jini ya biyo, ja wur, zuciya kamar ƙwayar gero tana turo shi.

Kwana na bakwai darasi ke ƙarewa, shi kuma ya kwashe ƙwai ya zubar. Dubbai ya zubar. Abin yana cin sa a rai, wallahi, don ko sau ɗaya bai ga inda hanyoyin nan suke kaiwa ba.

Ranar da ya yi ritaya ya taho da ƙwai ɗaya mai taga a cikin hularsa. Ya sa shi a kwali, ya kunna masa fitilar kananzir. Matarsa Morounkeji, mai kiwon kaji a bayan gida, ta leƙo.

"Baban Dupe, wasu agogon bango ake ba su, kai ƙwai? Kawo in sa wa jar kazata, tana kwanci."

"Kazarki ta san abin da na sani? Bar mini abina."

"To, farfesa, Allah ya sauke ka lafiya. Tuwon amalarka yana hucewa."

Kullum sai ya leƙa tagar. Jijiyoyin suka bazu, suka yi kauri, har duhu ya cike ƙwan ya daina ganin komai. Ya zauna yana jiran abin da bai taɓa gani ba, kamar mai jiran baƙo a tasha.

Kwana ashirin da ɗaya ya zo ya wuce. A rana ta ashirin da uku Morounkeji ta ɗauki ƙwan ta kara a kunne.

"Sau nawa kake juya shi a rana?"

"Juyawa? Ai ba a juyawa."

Ta dube shi, tsokanar ta bar fuskarta.

"Baban Dupe, kaza da bakinta take juya ƙwanta, safe da rana. In ba haka ba ɗan tsakon manne wa ɓawo yake yi."

Ya ɓare ƙwan a hankali da hannun nan da bai taɓa rawa a wajen aiki ba. Ɗan tsako ne cikakke, da baki, da farce, da gashi jiƙaƙƙe, ya manne gefe guda, ba rai.

Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu.

"Maman Dupe," ya ce a hankali, "ashe da ya fito, da baƙin tsako ne."