Ashe Ciwon Yana Bayan Goshinsa

A lokacin ina matashiyar matar aure, ina sayar da waina a ƙofar gidanmu a Agege, maigidana kuma mahauci ne a abatuwa. Mutum ne mai sanyin hali, ko yaro bai taɓa ɗaga wa murya ba. Ran nan babur ɗin okada ya kayar da shi wajen Mile 2, goshinsa ya bugi kwalta. Aka ɗinke, aka sallamo shi, muna ta hamdala.

Ashe wani mutum dabam muka dawo da shi gida. Cokali ya faɗi, sai tsawa. Yarinyarmu ta yi kuka, sai ya yi wurgi da kofi. Wata rana ya zare wa ogansa wuƙa a kan 'yar magana, da ƙyar aka riƙe shi, aka ce kada ya sake zuwa. In fushin ya wuce kuma sai ya zauna yana hawaye, yana rantsuwa bai san yadda aka yi ba. Ni kuwa na yarda da masu cewa jifa aka yi masa. Mun sha hayaƙi har mun gaji, na fara haɗa kayana zan koma Kano.

Maƙwabciyata, wata nas Bayarabiya, ita ta matsa min mu koma asibiti. Da aka ɗauki hoton kansa, likita ya zaunar da mu ya ce can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwallon dabino ba, shi ke kunna fushi, sashen da ke bayan goshi kuma shi ke taka masa birki. Birkin maigidana ne ya bugu, ya zama kamar motar danfo a gangara. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ina kabbara ba! Ashe ba tsanata ya yi ba, ciwo ne, kuma yana da suna da magani! Maigidana kuwa ya riƙe hannuna yana ta dariya.

Aka ɗora shi a kan magani, aka koya masa tashi daga wuri in ya ji abin na tasowa. Ya ajiye wuƙa ya koma cinikin fata. Bai dawo kamar da ba, amma gidanmu ya zaunu.

Nadamata ita ce watannin da na ɓata ina zargin mutane. 'Yan'uwana, in naku ya bugu a kai kuma halinsa ya sauya, ku yi addu'a, amma ku yi ta a hanyar asibiti.