Turin Motar Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin motar Baba ta tashi da makulli ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, mai ɗaukar rake daga Gazara zuwa kasuwar Makarfi, wani lokaci tumatir daga Kudan. Kullum da yamma yakan ajiye ta a gangaren ƙofar gidanmu, hancinta na kallon ƙasa, ya tokare tayar da dutse. Da an fito sallar asuba ba sai an roƙi kowa ba. Maƙwabta su naɗe hannun riga, har malamin unguwarmu mai karantar da littattafai a zaure yakan jefa carbi a aljihu ya dafa. Baba ya taka kuloci, ya sa giya lamba biyu, a tura. Daidai gindin darbejiya sai ya saki ƙafa, ta yi tari ta kama. Ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya saka da alheri!"

In an ce ya sayi batir na kirki, sai ya ce mai maƙwabta me zai yi da batir?

Motocin zamani kuwa ba ya raga musu. Wai duk an goge musu kusurwa kamar sabulun da ya kwana a ruwa, ba ka gane gaba balle baya. Otomatik irin tawa, wadda nake zuwa da ita daga Zariya, ita ce ta fi shan baƙar magana. "Wannan ai ba tuƙi ba ne, zama ne," in ji shi. Ina jin haushi, amma wa ya isa ya yi musu da Baba a kan mota?

Sai hawan jini ya kayar da shi wata ranar kasuwa. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar hagu ta ƙi. Ita ce kuma ƙafar kuloci. Yana jan ta da sanda zuwa masallaci, amma taka ƙarfe ya gagara. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari ya koma zaman benci, yana kallon motarsa tana tara ganye.

Na ga kamar ina da dabara. Na kawo masa tawa na ce, "Baba, wannan ba ruwanta da ƙafar hagu." Ya daɗe yana kallona kafin ya karɓi makullin. Muka ɗan zaga hanyar Ikara, hannunsa na dama sai lalube yake yana neman abin canjawa. Da muka dawo ya ajiye ta a gangare, ya ce a sa mata dutse. Ni dai murna nake ya tuƙa, na bar masa ita na koma Zariya.

Ashe bayan tafiyata bai ƙara taɓa ta ba, har batirin ya sauka. Na zo hutu, ran nan ya ce zai kai kansa ta'aziyya Janfalan. Ina ciki na ji hayaniya bayan asuba. Ko da na fito, unguwa duka ta dafa motata, an wuce darbejiya, an wuce famfo, malam sai haki yake, Baba a ciki yana jiran ta kama. Na bi su da gudu ina cewa, "Ku tsaya, don Allah! Irin wannan ba ta tashi da turi."

Malam ya goge zufa ya ce, "Ikon Allah. Ko mu ƙaro mutane?"

"Ko garin nan duka za a tara, Malam, ba za ta tashi ba."

Baba bai fito da wuri ba. Kunyar da na gani a fuskarsa har yau tana cina, don ni na jawo masa. Ƙanena kuma, da bai san inda ake yin shiru ba, ya zaro waya yana nuna masa motar lantarki, wai ita ce ke tafe: ba giya, ba ƙara, caji kawai. Kamar in kwaɗa wa yaron mari.

Baba ya ce, "In ta mutu a hanya fa?"

"Sai a kira masu janwe, Baba."

"To," in ji shi. "Motar da jama'a ba za su iya taimakonta ba, Allah ya raba ni da ita." Ya miƙo mini makullina.

Da kansa ya sayar da a-kori-kurar ga wani mai rake daga Gubuchi. Mutumin ya zo ɗauka da sassafe, maƙwabta suka dafa kamar kullum. Baba na tsaye da sanda ya daka masa tsawa, "Lamba biyu, malam, ba ɗaya ba!" Aka tura. Da suka kai gindin darbejiya na dubi ƙafar Baba. Yana ƙoƙarin ɗaga ta, yatsun kawai suka motsa a cikin silifa. Motar ta yi tari ta kama, mutumin ya wuce ko leƙowa bai yi ba.

Baba ne ya ce musu, "Allah ya saka da alheri."

Na rasa abin da zan yi masa, sai na sunkuya zan kawar da dutsen. Ya ce in bar shi. Malam ya matso ya riƙe masa hannu ya ce, "Alhaji, da ƙafa na tashi da turi, wallahi da ba mu koma gida ba."