Kamarad Nomau da Matattun Fim

Shekara goma sha ɗaya ina suyar ƙosai a ƙofar gidan kallon Alhaji Faruk da ke Zango, a nan Damagaram. Saboda haka in ana zancen Nomau ni ce zan ba da labari, ba waɗanda suka tsinta a bakin wani ba. Sunana Balki. Kaskona yana jikin langa-langar da aka kewaye wurin da ita, duk abin da aka faɗa a ciki a kunnena yake sauka, in ciniki ya lafa kuma akwai wata 'yar huda da nake leƙawa.

Nomau mutumin Zermu ne. Ya shigo birni yana saurayi, ya shekara ashirin yana ɗaukar buhun gyaɗa a wani luzin, wato masana'anta, na matsar mai, har ranar da masu shi suka garƙame ƙofa suka tafi ba sallama. Abu biyu ya fito da su daga can: ciwon baya da Faransancin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata. Bai taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba. Bai san yadda ake roƙon ruwan sha da Faransanci ba, amma in zancen yajin aiki ne da 'yan jari-hujja, sai ya yi awa guda bai haɗiyi yawu ba. Kowa Kamarad yake ce masa, har matarsa Fati in tana jin tsokana.

Alhaji Faruk Bakano ne, mai shagon atamfa a kasuwar Dole. Ya ji Nomau yana zuba Faransanci a teburin mai shayi, nan take ya ɗauke shi aikin fassarar fim. Bai tsaya ya duba ko fina-finan da Faransanci suke ba. Ba da shi suke ba. Na Sin ne da na Indiya da na Amurka, ko kalma ɗaya Nomau ba ya ji. Aka miƙa masa mikoro na magana da telekomand, ɗan abin nan da ake tsayar da hoto da shi, aka ce ya yi bismilla.

To shi Nomau ba ya kallon inda kowa yake kallo. Jarumi na tsakiyar allo yana ƙyalli, shi idonsa na can gefe. In aka yi tseren mota aka bi ta kan teburin mai lemo, sai ya mayar da hoton baya ya tsayar.

"Jama'a, ku dubi wannan bawan Allah. Sunansa Suma'ila. Tun asuba ya kasa lemon nan. 'Ya'yansa shida, autar ba ta da lafiya. Wancan mai kwat da ya take masa kaya, gwamnatinsu ke zuba masa man mota. Wa zai taya Suma'ila tsinta?"

Mai lemon Bature ne fari sol, amma ya zama Suma'ila, har mako ya zagayo ana tambayar jikin autar.

In fim ɗin Indiya ne aka zo wurin waƙa, ba ruwansa da masoyan. Mutum arba'in da ke rawa a bayansu yake ƙirgawa, ya ce ku lura ko ruwa ba a ba su ba. In wasu halittu suka sauko daga sararin sama, sai ya ce ai mun san su, ma'adinai suka zo kwasa, za su bar mana rami da tari. In sojan Amurka ya tashi ceton duniya, Nomau zai tambaya wa ya aike shi, duniyar ce ta rubuta masa takarda? A bakinsa na fahimci siyasar duniya, kuma har yau ban ga inda labaran rediyo suka ƙaryata shi ba.

Duk wannan da sauƙi. Rigima ta soma ranar da jarumi ya harbe wani mai gadi a bakin ƙofa, ya tsallake shi ya wuce. Ko daƙiƙa biyu mutumin bai yi a allo ba. Nomau ya danna telekomand.

"Albashin wannan bai kai kuɗin takalmin wanda ya kashe shi ba. An ce masa tsaya nan, ya tsaya. A yi masa Fatiha."

Hamisu mai gyaran babur ya ce daga baya, "Kamarad, in ba Musulmi ba ne fa?"

"Ma'aikaci ne, Hamisu. Sauran ba kai za ka yi masa hisabi ba."

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, a garin nan in aka ce Fatiha ba mai barin hannunsa a ƙasa. Ko kana jin haushin wanda ya ce, sai ka ɗaga, in an shafa ku ci gaba da faɗanku. Haka mutum sittin suka ɗaga hannu saboda wani mai gadi da ya faɗi a ƙasar da ba wanda ya san sunanta. Daga ranar, duk wanda ya mutu a fim sai an yi masa tasa. Fim ɗin yaƙi mai awa ɗaya da rabi sai ya ci daga azahar har magariba. Ni ban yi kuka ba, domin addu'a na sa yunwa.

Jama'a suna gunaguni, amma suna dawowa. Ranar kasuwa har daga Dakusa da Takieta ake zuwa. Ina jin abin da ke jawo su shi ne, a nan kaɗai suka taɓa ganin an tsayar da babban mutum cak, ƙafarsa ɗaya a sama, yana jira a gama da talaka.

Alhaji Faruk dai ya gaji. Da, sau uku ake kallo a yini, yanzu sau ɗaya. Ya zo ya tsaya daidai kaskona ya kira Nomau.

"Malam Nomau, ni bizines na buɗe, ba makabarta ba. A Kano yanzu fim da fassararsa yake zuwa a ɗan kati, ba ya tsayawa, ba ya tambayar albashin kowa. Ranar Alhamis zan zauna da kaina. In ka tsayar da fim ko sau ɗaya, ka ajiye min mikoro."

Nomau ya haura sittin a lokacin. Bayansa ba ya ɗaukar ko tulu, gonar Zermu tana hannun ƙannensa, mikoron nan shi ke ci da shi da Fati. Da Alhaji ya tafi sai Nomau ya zauna kan bencina. Na ce, "Kamarad, in ka ga za a yi kisa ka rufe ido kawai." Ya ce zai gwada.

Ranar Alhamis wuri ya cika maƙil, Alhaji ya sa kujera a gaba. Na bar ƙosai yana neman ƙonewa ina leƙe. Wallahi Nomau ya yi ƙoƙari. Mutum goma sha ɗaya suka faɗi ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba daga hularsa. Har yabon jarumi ya yi, ya ce ga namiji, da murya irin ta wanda aka tilasta wa shan maɗaci. Ina ganin hannuwan mutane suna tasowa daga cinya suna komawa.

Saura kaɗan a gama, sai mutanen jarumi suka danna wani maɓalli. Wani birni na abokan gaba ya yi haske sau ɗaya, ya zama toka. Jarumai suka rungume juna, aka saki kiɗa. Sai kiɗan ya tsaya.

Nomau ya miƙe. "Alhaji, ka yi haƙuri. Gari ne guda, da asibitinsa da kasuwarsa da masu suya a bakin titi. Fatiha ɗaya ba za ta ɗauke su ba." Ya juya ga jama'a. "Zaman makoki kwana uku. Ba kallo. Ku tashi."

Suka tashi. Ba wanda ya nemi ganin ƙarshen fim. Suka fita a hankali kowa kansa a ƙasa, suka bar Alhaji shi kaɗai da jarumai biyu a sandare a allo.

Tun da a gidan kallon Alhaji aka yi rashin, washegari shagonsa na kasuwa aka nufa. Mutum zai durƙusa gefen atamfa ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?" Wannan ma ba a ƙin amsa ta. Kwana uku Alhaji Faruk yana cewa "da godiya" yana cizon leɓe. Wani tsoho Yakuba ya taso tun daga Dakusa da tiyar gero a ƙulle, don ya ji an ce gari guda ya ƙare a gidan Alhaji. Alhaji ya karɓa ya sa albarka.

Rana ta huɗu ɗan katin ya iso daga Kano. Aka aika wa Nomau ya dawo da mikoro.

Washegari da safe ya bi mutane ɗaya-ɗaya, ya ce yau yajin aiki, kada kowa ya shiga, kwana ɗaya tak. Kowa ya ce in sha Allahu. Ya yanko kwali, Hamisu ya rubuta masa buƙatunsa a jiki, ya zo ya tsaya a ƙofa tun kafin azahar. Aka soma zuwa. Kowa sai ya rusuna ya ce "Sannu Kamarad," ya raɓa ta gefensa ya shige. An ce sabon fim ɗin a bakin jarumi Hausa take fitowa, wa zai ƙi gani? Hamisu ya fi kowa daɗewa a waje. Ya gyara wa Nomau riƙon kwalin, don a juye yake, sannan shi ma ya shiga.

Da ƙofa ta zama ba kowa sai ya tako wurina.

"Kamarad Balki, ke ma ma'aikaciya ce. Sauke kaskon nan yau kawai."

Na ce, "Na riga na jiƙa wake, Kamarad. In ya kwana tsami zai yi."

Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Shekara nawa ina ɗaga hannu saboda mutanen da ko sunansu na gaskiya ban sani ba, ga wanda na sani a gabana na kasa ba shi yini ɗaya. Har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, itacena ɗanye ne, sai hayaƙi yake, man ya ƙi zafi. A ciki an soma harbi, ba tsayawa. Nomau ya dubi murhuna, ya dubi ƙullun da ke jira a roba. Ya durƙusa da ƙyar saboda bayan nan nasa, ya yayyaga kwalin ya cusa ƙarƙashin kasko, ya hura har wuta ta kama.

"Zuba yanzu," ya ce. "In sun fito za su ji yunwa."

Na zuba.