Takalmi a Bakin Ƙofa

Mashayar ba ta da allon suna, ba ta da taga. Ta cikin kabad ɗin wani shagon tela a Saigon ake shigarta, kuma ƙofar da kanta take rufewa. Shekara shida Thoa tana wanke kofuna a nan, ta daina kallon masu zuwa. Amma dattijon nan na yau ya tsaya mata a rai.

Fatar hannunsa na hagu tana sheƙi kamar leda, yatsu biyu a manne. 'Yarsa ce ta jawo shi, tana ta ɗaukar hoto. Shi kuwa bango yake bi da ido, yana neman ƙofa ta biyu.

Khiem mai haɗa barasa ya cinna wa wani kofi wuta, mutane na tafa masa. Dattijon ya miƙe, ya cire takalmi ɗaya ya tokare ƙofar da shi.

"Kawu, asirinmu za ka tona?" in ji Khiem yana dariya. "Ai ɓuyan ne kasuwar!"

"Ɗana, ta ina ake fita?"

"Ta inda aka shigo mana."

Dattijon ya koma ya zauna da safa a ƙafa ɗaya. Thoa ba ta san inda gobara ta rutsa da shi ba, wataƙila a masaƙa, wataƙila a wuri irin wannan. Ta ƙirga kawuna, arba'in da uku. Khiem yana yi mata alama ta cire takalmin. Ta duƙufa kan wankinta kamar ba ta gani ba.