Hular Yaye da Bakina Ya Jawo Min

Jiya na taso daga aiki a Challawa, na biya makarantar su Ummi na ɗauko ta, sai antinsu ta tare ni a bakin get.

"Baban Ummi, ashe hular bikinmu tiren awara ce?"

Na tuna ni na faɗa muna cin tuwo, da aka aiko wai za a yi bikin yaye 'yan nazare. Yaran da ko majina sai an share musu, a zuba musu riga har ƙasa kamar alƙalai, iyaye suna tafi sai ka ce an haifi likita. Na manta 'yar rediyona tana gefe. Ta kai labarin aji har da muryata.

Na yi ta yaƙe, na ce wasa nake.

A hanya Ummi ta ce, "Baba, ba za ka zo ba ko?"

"Me kika karanta da za a yaye ki?"

"Kai da aka yaye ka, wace kala aka saka maka?"

Na ce ni tun daga aji uku na yaye kaina.

"To ka zo. In an gama zan ara maka tawa a yi maka hoto."

Har yanzu ina nan a kan bakana, bikin nan shirme ne. Amma ranar Asabar ni ne a layin gaba, kuma tiren awara zai hau wannan ƙaton kan.

Iyayen da suka riga ni shiga, igiyar hular dama ake sakinta ko hagu?