Farin Dutsen da Na Ajiye Maka, Alkasum

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, 11 ga watan Agusta 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Alkasum mai gyaran keke na Zango, a nan Damagaram, yana da shekara arba'in da tara. Ya faɗi ne da kekensa a gangaren da muke kira Wuyan Raƙumi. Ni Safiyanu, malamin lakwal, wato makarantar boko, shekara goma sha ɗaya ina bin bayan tayarsa, kuma yau kwana tara ke nan abinci ba ya mini daɗi.

Yaya Alkasum, kai ka fara ganin hanya a inda kowa ke ganin duwatsu. Tsaunukan nan da suka yi wa garinmu ƙawanya, waɗanda muka bar wa awaki, kai ka bi su da fartanya da diga, ka fitar da turba siririya, faɗinta bai wuce taya ɗaya ba. Da ka ce mu hau ta da keke, dariya na yi, na ce lallai rana ta taɓa maka kai. Ka ce, "Safiyanu, tumbin nan naka ne ke magana, ba kai ba." Ran nan sau huɗu na faɗi, sau huɗu ka dawo ka ɗaga ni, kana kaɗe mini riga kana dariya.

Ba ka taɓa barin mutum ya hau ba tare da ka matsa birkinsa da hannunka ba. Habu ɗan kabu-kabu ya taɓa zuwa babu hular kwano, ka cire taka ka ɗora masa, kai kuma ka sauko a ƙasa kana tura keke. Matan da ke ɗauko itace ta turbar nan sun san muryarka, domin tun daga nesa kake sallama ka tsaya sai sun wuce.

To, ga abin da ke ci na. Kana da doka ɗaya da ba ka wasa da ita: in an yi ruwa, ba mai gangarawa sai wani daga cikinmu ya taka turbar da ƙafa, daga sama har ƙasa. In ya ga lafiya, sai ya ɗauki dutsen nan da ka shafa wa farar ƙasa ya ɗora a bakin hanya. Wanda ya ga farin dutse, ya saki birki da kwanciyar rai. Ranar Asabar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma Lahadin ni ke da duba hanya. Amma ana sunan ɗan ƙanena a Tirmini, mota na jira na. Na hau saman tsaunin bayan sallar asuba, na tsaya, na leƙa iya inda idona ya kai, na ce ai ba komai. Na ɗora dutsen, na juya. Ban taka ba, Alkasum. Wallahi ko taku goma ban yi ba.

A lanƙwasa ta uku, bayan babban dutse, ruwa ya zaizaye ƙasar ya bar rami. Ka zo, ka ga farin dutse, ka yarda da ni. Ina cin naman suna aka kira ni a waya.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ba mai ƙara wa wani numfashi ɗaya. Na faɗa wa kaina haka sau ɗari. Amma a wurin zaman makoki ina zaune na ji ana cewa ganganci ne, wai babba da shi, da iyali, yana tsalle-tsalle a kan duwatsu ba ya duba gabansa. Kai! Kai da ba ka tsallaka ko kwata sai ka duba. Don tsoro, na sunkuyar da kai na bar su a kan maganarsu. Ranar sadakar bakwai matarka, Yaya Ramlatu, ta yi mini magana ta bayan labule, ta ce, "Malam Safiyanu, mai gidan nan ba ya sauka sai ya ga dutsensa. To yaya aka yi?" Na ce mata sai haƙuri. Na fito ina jin kunyar kaina.

Yaya Ramlatu, ga amsar da na hana ki. Mijinki bai yi ganganci ba. Dokarsa ya bi, ni na karya ta. Abdul'aziz, Lubna, kada ku bari kowa ya ce muku babanku ya yi wasa da ransa. Ban isa in ce ku yafe mini ba, amma ina roƙo, kuma duk abin da kuka ce, na ɗauka.

Ya Allah Ka jiƙan Alkasum, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalansa da ƴan'uwansa da mutanen Zango haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Jiya na koma Wuyan Raƙumi, na taka shi da ƙafa daga sama har ƙasa, na cike ramin. Dutsen kuwa yana nan inda na ɗora shi, fari fat. Na sauke shi, Yaya, amma hannuna ya kasa mayar da shi.