Amanar da Noraida Ta Bar Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗora shayi aka bugo mini daga mustashfa, wato asibiti, wai Noraida ta rasu. Zuciya ce.

Ga waɗanda ba su san ta ba, nas ce 'yar Filifin, maƙwabciyata a unguwar Bani Harisa, nan birnin Manzon Allah. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta shigo ta yi wa Innata allurar ciwon sukari, ko da ta makara.

Farkon zuwanta na ɗauka sabuwar musulunta ce, don a sanina duk 'yan Filifin Kirista ne. Na zaunar da ita ina koya mata alwala. Ta ƙyale ni sai da na kai wankin ƙafa, sannan ta fashe da dariya.

"Ya Hajiya Rabi, mu mutanen Mindanao kakanninmu na sallah tun kafin jiragen Sifen su iso."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kicin na koyi tarihinsu, muna yanka albasa. Tsibirai ne fiye da dubu bakwai. Sifen ta mulke su sama da shekara ɗari uku, sunan ƙasar ma daga na sarkinta aka ciro. Sai Amurka, sai Japan lokacin yaƙi. Yawancinsu suka zama Kirista, su na kudu suka riƙe Musuluncinsu. Takan ce, "Ku ƙafa ta kawo kakanninku ƙasar nan, mu jirgi ya kawo mu. Duk baƙi ne mu, habibti, ƙawata."

Jiya Juma'a da muka fito daga Haram, masallacin Manzon Allah, ta tsaya jikin katangar maƙabartar Baƙi'a, ta riƙe hannuna.

"Rabi, in na mutu a nan kar a sa ni a akwati a mayar da ni gida. Ki faɗa wa Jamila, ni na kasa."

Na ce ta bar wannan magana, yalla mu tafi, rana na dukanmu.

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Jamila 'yarta ce a can gida, ta daɗe ba ta ga uwarta ba, kuma sai da yardarta za a binne ta a nan. Ɗazu na kira ta ta bidiyo, wata abokiyar aikin uwar tana fassara. Tana kuka ta ce a kawo mata Mamanta, ko fuskarta ta taɓa. Ina da 'ya, na san abin da take nufi. Na maimaita mata maganar kamar yadda na ji ta, ban ƙara komai ba.

Can ta ce, "Anti, ke za ki wanke ta?"

Na ce ni zan wanke ta.

Ta yarda. Da zarar takardu sun fito za a sallace ta a Haram.

Allah Ya jiƙan Noraida, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta cikin maƙwabtan Manzon Allah. Ya sanyaya zuciyar Jamila. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa su biyun a addu'a.